Zuma nake sa wa Mama a gyambon ƙafarta, Yaya ya ce ni zan ja a yanke ƙafar

"Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 63, kuma shekara tara ke nan tana fama da ciwon suga. Wajen mako biyar da suka wuce wani ɗan ciwo ya fito mata a tafin ƙafa, ƙarƙashin babban yatsa, inda dama wurin ya yi kanta. Ni nake zaune da ita tun rasuwar mahaifinmu, don haka ni ce mai jinya. Bara ɗana ya ƙone a hannu da ruwan zafi, na riƙa sa masa zuma, cikin kwana goma ya warke. Na kuma karanta a intanet cewa zuma tana kashe ƙwayoyin cuta, har waɗanda suka gagari magani. Shi ya sa safe da yamma nake wanke mata ciwon, in sa zuma in ɗaure. Da farko ya yi kyau, amma ya ƙi rufewa. Yau kwana huɗu ke nan ya fara wari, ƙafar ta ɗan kumbura, ruwa yana jiƙa bandejin. Mama ta ce ba ta jin zafi ko kaɗan, wai alamar sauƙi ke nan. Asibiti kuwa ta ce ko da wasa, domin yayarta can aka kai ta bayan ƙafarta ta yi baƙi, aka yanke, ba ta fi wata biyu ba ta rasu. Inna, ƙanwar Mama, ta ce mu ci gaba, ai Allah ya ce akwai waraka a zuma. Yayana da ya zo ya gani ya yi mini tas a gaban yarana, ya ce in aka yanke ƙafar ni ce sila. Tun ranar ba ma magana, barci ma ya gagare ni. Zumar ce ba ta da kyau in canza wata, ko kuwa ni ce na cuci uwata?"

Wata 'ya mai jinya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Zan fara da abin da ba ya jira. Ƙafar mai ciwon suga da ta yi mako biyar da buɗaɗɗen ciwo, yanzu ga wari ga kumburi ga ruwa, yau ya kamata likita ya gan ta. In dare ya riga ya yi, to gobe da sassafe. In kuwa kin taɓa jikinta kin ji zazzaɓi, ko tana rawar sanyi, ko amai, ko ta fara ruɗewa a magana, ko wani yatsa ya fara baƙi, ko kumburin yana hawa sama, to ba a jiran gari ya waye, sashen gaggawa za a nufa a daren. Zancen canza zuma ki ajiye shi gefe.

Sai tambayarki ta biyu, wadda na san ita take hana ki barci. Ba ki cuci uwarki ba. Mai cuta ba ta durƙusawa safe da yamma tana wanke ƙafar da wasu ko kallonta ba za su iya ba. Ciwon ma suga ne ya kawo shi, kuma cikin masu suga 100, tsakanin 19 da 34 sukan gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu. Kuskurenki ɗaya ne, ba kuwa zan ɓoye miki ba tunda gaskiya kika zo nema: an yi jinkiri. Ciwon ƙafar mai suga tun ranar da aka gan shi ake nuna wa likita. A Ingila ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, ita ce a tura irin wannan majinyaci ga ƙwararrun ƙafa cikin ranar aiki ɗaya, ko da ciwon bai kai ƙwayar wake ba. Ba wanda ya taɓa gaya miki haka, kin yi aiki ne da abin da idonki ya gani a hannun ɗanki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da kika karanta game da zuma kuwa gaskiya ne, kuma tsohon ilimi ne. Wani rubutun likitanci na Masar da ake kira takardar Edwin Smith, wanda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci zuma cikin abubuwan da ake ɗaure rauni da su. Masana na yau sun gano dalili. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma suga ne, ruwan cikinta bai wuce kashi 17 ko 18 ba. Ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da ruwa, in ta faɗa cikin zuma sai zumar ta zuƙe ruwan jikinta ta yanƙwane. Zuma tana kuma da tsami wanda zaƙi ya ɓoye, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙasa da 7 ke nufin tsami, tana tsakanin 3.2 da 4.5, alhali yawancin ƙwayoyin da ke ɓata rauni ba sa jin daɗin wuri mai tsami haka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani sinadari da ƙudan zuma yake zubawa cikin zumar daga jikinsa. Yana nan kwance shiru har sai zumar ta gauraya da ɗan ruwa, kamar ruwan da rauni ke fitarwa, daga nan sai ya fara samar da haidirojin (hydrogen peroxide), ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, amma kaɗan-kaɗan, daidai yadda zai takura wa ƙwayar cuta bai ƙona nama ba. A 1963 aka tabbatar da wannan. Akwai kuma zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan, wadda Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato ya fara bincike a kanta tun 1981. Ita ƙarfinta daga wani sinadari ne daban da ake taƙaita sunansa MGO, wanda masana a Jamus suka gano a 2008. A ɗakin gwaji an ga zuma tana hana ƙwayar nan mai haddasa maruru da mugunya yaɗuwa, har nau'inta da ya gagari magunguna da yawa, wanda likitoci ke kira MRSA.

A jikin mutane ma an gwada. A 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya ba da rahoton majinyata 59 masu raunuka da gyambo da ya yi wa magani da zuma, 58 suka sami sauƙi. Amma ki lura, a hannun likitan tiyata suke, yana duba su, kuma ba a kwatanta su da wasu da aka yi wa wani magani ba. A 2015 Cochrane, ƙungiyar masana mai tantance binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka shafi mutum 3,011 ta auna su. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ƙunar da ba ta ratsa fata duka ba: zuma ta riga ɗaurin da aka saba warkarwa da kwana huɗu zuwa biyar. Kin ga ke nan abin da ya faru da hannun ɗanki ba dace ba ne kawai. Da suka zo kan gyambon ƙafar masu suga kuwa, sai suka ce hujjar ba ta isa a dogara da ita ba. A 2023 kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu suga, IWGDF, ya fito fili ya ce kada a dogara da zuma wajen warkar da irin wannan gyambo.

Me ya raba hannun yaro da ƙafar Mama, alhali zumar ɗaya ce, mai sa ta ma ɗaya? Zuma tana aiki ne a inda ta taɓa kawai. Ƙunar ɗanki a saman fata take, a buɗe, jini yana kai wa wurin yadda ya kamata, jikin yaro kuma yana ta gina sabuwar fata. Abin da yake bukata shi ne a tsare masa wurin daga ƙwayoyin cuta a bar shi da danshi, zuma kuwa gwana ce a nan. Gyambon tafin ƙafar mai suga kamar tulu yake, baki ɗan ƙarami, ciki da faɗi. Yana iya rarakewa ƙarƙashin kantar nan ya bi tsakanin tsoka da jijiya har ya kai ƙashi, sama kuwa ki ga ɗan rami mai tsabta da kika wanke da hannunki. Zumar da kika shafa a baki ba ta da hanyar isa can. Ƙwayar cutar da ta shiga nama mai zurfi ko ƙashi sai maganin da ke bin jini, na haɗiya ko na allura, wani lokaci har da buɗe wurin a kwashe mugunya da mataccen nama.

Ga kuma wata matsala. Ciwon da ke zubar da ruwa har ya jiƙa bandeji yana tsinka zumar, in ta tsinke ƙarfin zuƙe ruwan nan ya tafi, jini da ruwan rauni kuma suna ɗauke da wani sinadari mai rusa haidirojin ɗin da take samarwa. Sannan an san zuma da kashe warin ciwo. Ciwon da ake sa wa zuma sau biyu a rana amma duk da haka ya tashi da wari, ni dai a wurina yana nuna akwai abin da ke faruwa a ciki inda ba ta kai.

Maganar Mama cewa ba ta jin zafi ita ta fi tayar mini da hankali cikin wasiƙarki duka. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tun farko kanta ta zama rami ba ta sani ba, shi ya sa kuma take taka ciwon da dukkan nauyinta kullum, abin da mai lafiyar jijiya ba zai iya yi ko taku ɗaya ba. Kowane taku yana farke ɗan naman da ya fara haɗuwa. Suga yana kuma iya ƙuntata hanyoyin jini na ƙafa, ƙafar da jini bai ishe ta ba kuwa ko me aka shafa mata ba ta warkewa. Jijiya, jini, nauyi, zurfi: ba ko ɗaya cikinsu da zuma take gyarawa, komai kyanta.

Tunda kin tambayi ko zumar ce ba ta da kyau, bari in ɗan tsaya a nan. Zuma suna suka tara. Ƙarfinta ya danganta da furen da ƙudan ya sha da yadda aka adana ta. Zafi da hasken rana suna kashe sinadarin nan mai samar da haidirojin, wadda aka gauraya da ruwan suga kuwa sunan zuma kawai gare ta. Ko tsantsarta ma tana iya ɗauke da ƙwayayen wata cuta mai shanye jiki da ake kira botulizim, dalilin da ya sa ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma ya lasa. Zumar da asibitoci ke amfani da ita a kan rauni daban take: an auna ƙarfinta, an tace ta, an kashe waɗannan ƙwayaye da hasken gama, wani haske mai ratsa abu ya kashe ƙwayoyin cuta, maimakon wuta don kada amfaninta ya mutu. Irinta ce Medihoney, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2007. Amma ko ita kika samo a daren nan, amsata ba za ta canza ba.

Kafin ku isa asibiti, ga abin da za ki yi. Ki wanke hannunki, ki ɗauraye zumar da ruwan gishiri na asibiti in akwai, in babu da ruwan da aka tafasa ya huce sarai. Ki tsane gefen ciwon a hankali, ki rufe da sabon bandeji mai tsabta, ba tare da matsewa ba. Kada ki tsoma ƙafar cikin ruwa ta jiƙa, balle ruwan zafi, domin za ta iya ƙonewa Mama ba ta ji ba. Kada a sa reza a kantar, kada a matse don mugunya ta fito, kada kuma a sayo mata ƙwayar kashe cuta a fara ba ta da ka, yin haka yana rikita gwajin da za a yi. Ta daina taka ƙafar, ko banɗaki za ta a tallafa mata. Ki auna suganta ki rubuta, ki ɗauki hoton ciwon da waya. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka ki sa bayan hannunki ki kwatanta ɗumin ƙafafun biyu, ki duba ƙyalli da inda kumburin ya tsaya. Ki tattara duk magungunanta ki tafi da su. Ki kuma gaya wa likita gaskiya, mako biyar, zuma sau biyu a rana, wari kwana huɗu. In ya yi faɗa ki haɗiye, bayanin yana da amfani a wurinsa.

Abin da za ku tarar galibi shi ne za a fere kantar da mataccen naman don a ga ainihin girman ciwon, a zura ɗan ƙarfe mai tsabta a ji ko ya kai ƙashi, a ɗauki hoton ƙashin, a ɗebi samfuri daga ciki don a san wace ƙwaya ce da maganin da zai ci ta, a duba bugun jini a ƙafar, a daidaita suga. Za a kuma nemi hanyar ɗauke nauyi daga wurin, da takalmi na musamman ko ɗauri mai tauri. Mai yiwuwa a kwantar da ita na wasu kwanaki. Ki tambayi batun allurar tetanus. In asibitin da kuka fara zuwa ba shi da masu kula da ƙafar masu suga, ki nemi takardar turawa zuwa inda suke, kada ki yarda a wanke kawai a ce ku dawo bayan mako biyu. Daga baya, in an shawo kan cutar da ke ciki, ba laifi ki tambaya ko akwai gurbin zumar asibiti a cikin ɗaurin. Wannan hukuncin wanda ya ga ciwon da idonsa ne.

Yanzu sai babban aikin, wato Mama. Kada ki ɗauki ƙinta a matsayin taurin kai. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A zuciyarta asibiti ne wurin da ya ɗauke ƙafar yayarta sannan ya ɗauke ta. Ki zauna kusa da ita ku biyu kawai, ki fara da amsa laifinki: "Mama, na yi iyakar ƙoƙarina, ciwon nan ya fi ƙarfina, kuma tsoro nake ji." Uwa takan yi saboda tsoron 'yarta abin da ba za ta yi saboda ƙafarta ba. Sannan ki tuna mata, cikin ladabi, abin da ke da kanki kika rubuto mini, cewa yayarta sai da ƙafa ta yi baƙi aka kai ta. Tata ba ta kai nan ba, kuma zuwa yanzu shi ne hanyar da ba za ta kai ba. Ki gaya mata ba mai yi mata tiyata sai da yardarta, kuma ke za ki tsaya a kanta ki ji duk abin da za a faɗa. Abu ɗaya kada ki yi: kada ki rantse mata cewa ba za a taɓa komai ba. Ni ban ga ƙafar ba, ke ma ba ki ga cikinta ba. In asibitin da yayarta ta kwanta ne take gudu, a kai ta wani. In duk da haka ta kafe, ku nemo likita ko nas ya zo gida ya duba a ranar, ya yi mata bayani da bakinsa, ko ku kira wanda kuka san ba ta iya musa masa. Amma wannan matakin shawo kanta ne, ba ya maye gurbin gwaji da hoto.

Inna kuma kada ki shiga gardamar aya da ita. Ayar tana nan a Suratun Nahl, aya ta 69, kuma kin ga ma binciken masana bai saɓa mata ba. Sai dai ayar ba ta ce a bar sauran magani ba, kuma neman magani shi ma umarni ne. Inna ta riga ta rasa 'yar'uwa ɗaya, abin da take gudu ke nan ita ma. Ki kira ta ki nuna mata hoton, ki ce kina son ta raka ku domin Mama ta fi natsuwa in tana kusa. In ta shigo cikinku, rabin aikin ya ƙare.

Yaya yana da gaskiya a kan asibiti, ba shi da ita a kan yadda ya faɗa. Tozarta mai jinya a gaban 'ya'yanta ba daidai ba ne, musamman daga wanda ba shi yake kwana da majinyaciyar ba. Ina kyautata zaton firgita ce ta fito masa a sigar faɗa, watakila har da jin kunyar cewa mako biyar sun wuce bai san halin da ake ciki ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wannan maganar za ku yi ta, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa ya ɓata miki rai, amma bayan Mama ta sami gado. A daren nan ki tura masa saƙo gajere: "Yaya, na yarda a kai Mama asibiti gobe da safe, ka zo da wuri, ina bukatarka." Ki ba shi aiki a hannu, abin hawa, kuɗin magani, bin layin gwaji, kwana a wurinta wasu ranaku. Irin wannan gyambo yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya rufe, jinyarsa ta fi ƙarfin mutum ɗaya mai yara, kuma in kika ci gaba da rashin barci ke ma za ki kwanta.

Kwalbar zumarki kuwa ba ta yi laifin da za a zubar da ita ba. In wani mai lafiya a gidan ya sami 'yar ƙujewa ko ƙaramar ƙuna a saman fata, tana da gurbinta, bayan an sakar wa ƙunar ruwa mai sanyi na minti 20 tukuna. Ƙafar Mama dai ta fita daga hurumin maganin gida, wannan da ɗayar duka. Daga yau kullum ki duba tafin ɗayar ƙafar da tsakanin yatsunta, ki zura hannu cikin takalminta kafin ta sa, kada ta yi tafiya ba takalmi ko a tsakar ɗaki. In kun dawo ki sake rubuto mini abin da hoton ƙashin ya nuna da abin da suka ce game da gudun jini a ƙafar. Allah ya sa a dace.